Yadda za ka gina labarinka a cikin City of Heroes, daga takarda har zuwa wallafawa

Wanda ya daɗe yana buga City of Heroes, wasan kwamfuta na jarumai masu ƙarfin ban mamaki da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet, ya san lokacin da gajiya ke zuwa: ka shiga rumbun ajiya na ɗari, ka daki 'yan daba na dubu, wanda ya aike ka ya ce ka koma. Maganin wannan gajiyar yana cikin wasan kansa. Tun watan Afrilun 2009 aka ƙara wani sashe mai suna Mission Architect, inda ɗan wasa ke rubuta nasa labarin, ya zaɓi fagen daga, ya ƙera abokan gaba, ya wallafa, wasu su shiga su buga su ba shi taurari. Ni daga Garwa nake bugawa, a kan tsohuwar kwamfuta da intanet ɗin waya, kuma wannan jagorar ta fito ne daga abin da na gani da idona wajen gina labari ɗaya mai zango uku.

Ga wanda bai san tarihin ba, a taƙaice: kamfanin Cryptic Studios ne ya ƙera wasan, NCSoft ya fitar da shi a 2004, aka rufe shi ranar 30 ga Nuwamban 2012. Masoyansa suka farfaɗo da shi a 2019, mafi girman rukuninsu shi ne Homecoming, wanda NCSoft ta ba lasisi a hukumance a Janairun 2024. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne sauke wasan, don gigabait ne da dama, saboda haka ka jira garaɓasar dare, ko ka ɗauki filashi ka je wurin wanda ya riga ya sauke. Bayan nan wasan ba ya shan data sosai. Cikin sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da 'yan wasa ke haɗuwa a kansu, akwai Reunion da aka tanada don 'yan Turai, ita ta fi kusa da mu, a can na fi samun sauƙin jinkiri. Everlasting kuwa ita ce matattarar masu son labari da kwaikwayon jarumtaka.

Na farko: kada ka buɗe wasan tukuna

Ɗauki littafi da biro. Kuskuren da na fara yi shi ne zama gaban allon gini ba tare da labari a kai ba, na shafe yamma guda ina zaɓa wa mugu launin takalmi, ban rubuta ko jimla ɗaya ba. Rubuta amsar abu huɗu: wa ya aike ni, me aka yi masa, wa ya yi, me zai faru idan na yi jinkiri. In ba ka iya faɗin labarin ga ƙaninka a cikin numfashi biyu ba, bai nuna ba.

Ga nawa. Wata Hajiya 'yar Garwa tana da shagon atamfa a unguwar Kings Row cikin Paragon, birnin da wasan ke gudana a ciki. Ta yi odar kayan lefen ɗanta, akwati goma sha biyu, jirgin ruwa ya sauke su a Independence Port, dare ɗaya suka yi ɓatan dabo, ga ɗaurin aure saura kwana uku. Ba duniya ce za ta tashi ba, ba baƙi daga sararin samaniya. Amma duk Bahaushen da ya ji an ce lefe ya ɓata saura kwana uku ya san tashin hankalin ya isa a kira jarumi. Na zaɓi wannan da gangan, domin rumbun labaran 'yan wasa cike yake da masu ceto duniya, kuma ƙaramin abu da ka sani ciki da bai ya fi babban da ka ara.

Lura da abin da na yi da wuri. Filayen da za ka zaɓa duk na duniyar wasan ne: rumbunan ajiya, ofisoshi, kogo, magudanar ƙarƙashin ƙasa, ɗakunan gwaje-gwaje, jirgin dakon kaya, wasu unguwanni na waje. Babu kasuwar Garwa a ciki, babu gadar Binuwai. Idan ka rubuta cewa ɗan wasa yana bakin kogi a Lagdo, ya shiga ya tarar da ofis mai kafet da na'urar sanyaya ruwa, ka yi asarar amanarsa tun daga ƙofa. Gara ka kai mutanenmu can, ka bar wurin yadda yake.

Labari ɗaya yana ɗaukar zango har biyar, kowane zango mishan ne mai zaman kansa. Kada ka cika biyar a karon farko. Uku sun isa, ɗaya ma ba laifi ba ne.

Na biyu: rubuta maganganun a waje

Buɗe Notepad ka rubuta duk abin da za a faɗa kafin ka shiga. Dalilina ba na adabi ba ne. Wata ranar Afrilu, zafi ya haura arba'in, na zauna awa biyu ina cika gurabe a cikin allon gini, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar da ya riga ya mutu bai riƙe ko minti ɗaya ba. Da aka dawo da kuran bayan isha'i na tarar da taken labarin kawai. Tun ranar nake rubutu a waje in kwafa in liƙa, kuma ina danna ajiyewa bayan kowane gurbi.

Guraben da kowane zango ke nema su ne: maganar gabatarwa da mai aike zai yi, amsar da ɗan wasa zai danna don karɓar aikin, maganar sallama bayan ya karɓa, abin da za a ce masa in ya dawo bai gama ba, abin da za a ce in ya yi nasara, da na faɗuwa idan zangon irin wanda ake iya faɗuwa ne. Akwai kuma ɗan saƙon da ke faɗowa idan an shiga fili da wanda ke faɗowa idan an fita, da rubutun da ke saman allo kusa da kamfas.

A nan ne mafi yawan sababbi ke zuba ƙarfinsu inda ba a gani. Idan ƙungiya ce ta mutum takwas ke bugawa, shugabanta ne ke tsaye gaban mai aike yana karatu, sauran suna tsalle-tsalle suna jiran a buɗe ƙofa. Abin da kowa ke gani shi ne saƙon shiga, rubutun kamfas, alamomin da ake tsinta, da maganganun da ke fitowa a saman kan abokan gaba. To zuciyar labarin ta zauna a waɗannan. Gabatarwa ta zama gajera. Ta Hajiyata ga ta nan:

«$name, ɗana, zauna. Akwati goma sha biyu, har da na uwar amarya. Dangin yarinyar nan sun riga sun sauka daga Marwa. In Juma'a ta yi babu lefe, da wane ido zan dube su? Je ka tashar jirgi, ka fara da rumbun da ke kusa da ƙugiya.»

Wannan $name ɗin alama ce da wasan ke maye gurbinta da sunan jarumin da ke bugawa. Akwai irinta na jinsi, kamar $heshe da $himher, amma Turanci suke fitarwa, ba za su yi maka aiki a Hausa ba. Kuma ga tarko: na sa Hajiya ta ce «ɗana», alhali da yawa daga jaruman wasan mata ne. Hausa ba ta barin ka ɓoye jinsi, ko «je ka» ko «je ki». Mafita ita ce jam'in girmamawa: «ku zauna», «ku je tashar jirgi». Ya dace da namiji, ya dace da mace, ya dace da ƙungiya. Daga baya haka na mayar da duk maganganunta, na bar «ɗana» na koma «'yan albarka».

Sai batun haruffa masu ƙugiya. Tun kafin ka yi nisa, rubuta ɗ da ƙ da ɓ a gurbi ɗaya ka gwada. In sun fito daidai, madalla. In sun fito akwati-akwati ko alamar tambaya, koma salon saƙon waya, d' da k' da b', ko ka bar su babu ƙugiya inda ma'ana ba za ta rikice ba. Wasan yana da matatar kalmomi da aka gina don Turanci, wani lokaci takan kama kalmar Hausa mai tsabta don ta yi kama da zagi ko da sunan da ke da haƙƙin mallaka. Kada ka yi musu da ita, sauya kalmar. Kan haƙƙin mallaka kuwa ba wasa: Marvel ta kai NCSoft da Cryptic kotu a 2004 kan 'yan wasa da ke kwaikwayon jarumanta, aka sasanta a 2005. Kada ka sa jarumin wani kamfani a labarinka ko da ka sauya masa harafi ɗaya.

Wane harshe? Mafi yawan masu bugawa Turanci suke ji. Ni na rubuta gabatarwa da alamomi da Turanci mai sauƙi, na bar ihun 'yan daba da Hausa, sannan na ajiye wani kwafi na Hausa zalla don mu na gida. In don abokanka na Garwa da Kusiri da Njamena kake yi, rubuta da Hausa kai tsaye, ka faɗi haka a bayanin labarin don kada baƙo ya shiga ya fusata ya ba ka tauraro ɗaya.

Na uku: shiga ginin

Nemi ginin Architect Entertainment, ana ganinsa a taswirar unguwanni da dama, akwai reshe a Pocket D, gidan rawan da 'yan wasa ke haɗuwa. A cikin labarin wasan, kamfanin Crey da Dr. Aeon ne suka kafa shi, wato duk abin da ke faruwa a ciki kwaikwayo ne na na'ura. Danna ɗaya daga cikin kwamfutocin zauren, zaɓi ƙirƙirar sabon labari. Cika take da bayani, zaɓi ko na jarumai ne ko na miyagu ko tsaka-tsaki, sannan zaɓi mai aike. Kana iya ɗaukar wani daga mutanen wasan, ko abu marar rai kamar kwamfuta, ko ka ƙera naka. Hajiya na ƙera ta da doguwar riga da abin rufe kai mafi kusa da mayafi da na samu. Ba ta fito sak ba, amma an gane ta.

Akwai ma'aunin girman fayil a allon, yana cika yayin da kake ƙara kaya. Rubutu ba ya cin wuri sosai, mutanen da ka ƙera da kanka su ne masu ci. Akwai kuma jerin kurakurai da ke nuna abin da ya hana a wallafa. Riƙa duba shi tun da wuri.

Na huɗu: fili da abokan gaba

Zaɓi ƙaramin fili ko matsakaici. Babban fili mai hawa huɗu da lif yana mayar da labarin minti goma ya zama yawon awa guda. Kowane fili yana nuna adadin guraben da yake da su na oga, na abin tsinta, na wanda za a ceto, kuma an raba su gaba, tsakiya da ƙurya. In ka sa abubuwa fiye da guraben, kuskure zai fito. Wannan rabon yana da amfani ƙwarai: alama ta farko a gaba, juyin labari a tsakiya, oga a ƙurya. Sai dai wasu filayen ba sa bin wannan tsari yadda kake zato, musamman na waje, inda komai ke watsuwa ko'ina. Gwaji ne kawai zai nuna maka.

Kowace ƙungiyar miyagu tana da iyakar matakinta, wato matakin ƙarfin da jarumi ke hawa yayin da yake ci gaba a wasan. Hellions da Skulls na ƙananan matakai ne, Malta ta manya ce. Idan zango na ɗaya na 'yan mataki goma ne, na biyu ya yi tsalle zuwa arba'in da biyar, ɗan wasa zai ga ƙarfinsa na hawa da sauka ba dalili. Daidaita zangunan su zauna a tazara ɗaya. Ni na ɗauki Family, 'yan mafiyan da dama su ke riƙe da Independence Port, don haka ban buƙaci dogon bayani kan abin da ya kai su tashar jirgi ba.

Mutum ɗaya kawai na ƙera a ɓangaren miyagu: ogansu, wani ƙato mai launin toka da na kira Dorina. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Binuwai ya ga dorina ta buɗe baki ya san abin da nake nufi. Wajen ba shi ƙarfi akwai zaɓi uku, na daidai, mai wuya, da matsananci, ko ka tsince ƙarfin ɗaya bayan ɗaya. Tsaya a na daidai. Miyagun da ɗan wasa ya ƙera sun fi na asali zafin duka, domin irin ƙarfin jarumai ake ba su. Da na sa Dorina a matsananci, naushi biyu ya yi wa jarumar abokina, mai warkar da 'yan ƙungiya, ya kwantar da ita. In kuma za ka ƙera ƙungiya sukutum, ka tabbata tana da matakai uku: yara, na hannun dama, da oga. Ƙungiyar da ta rasa ɗaya ana rage ladan da take bayarwa, masu bugawa kuma suna lura. Ka guji bai wa yaran ƙarfin da ke daskarar da mutum ko zuƙe masa kuzari. Ɗaya ba komai, amma goma a tare azaba ce.

Na biyar: ɗaura abubuwa a jere

Nan ne ainihin sana'ar. Abubuwan da za ka iya sawa a zango sun haɗa da kayar da oga, tsintar abu mai ƙyalli, fasa abu, kare abu, 'yantar da wanda aka tsare, rakiya, abokin yaƙi, sintiri, faɗa tsakanin ƙungiyoyi biyu, da kwanton ɓauna. Kusan kowanne ana iya cewa kada ya bayyana sai an gama wani. Da wannan ake saƙa labari a cikin fili maimakon a bakin mai aike.

Zangona na biyu haka yake tafiya. An shiga rumbu, kamfas na cewa «Nemo akwatunan lefe». Akwatuna huɗu ne masu ƙyalli, uku babu komai sai tsumma, kowanne da ɗan saƙonsa. Na huɗu yana ba da alama: takardar dako mai hatimin wani jirgi, da turmin atamfa ɗaya da aka yage. Buɗe shi ne ke tayar da kwanton ɓauna, su taho a guje ɗayansu na ihu, «Wa ya taɓa kayan oga?» Shi ne kuma ke fito da magatakardan tashar da aka tsare a ƙurya, wanda in an 'yantar da shi yake faɗin sunan jirgin. Abu uku, ɗaya na jan ɗaya.

Hattara da wuri guda: idan abin da ke tayarwa yana ƙurya, abin da aka tayar ya bayyana a gaba, ka tilasta wa mutum komawa baya cikin fili da ya riga ya share. Babu abin da ke jawo tsaki kamar wannan. Kullum abin da ke biye ya kasance a inda ake ko gaba da nan. Haka «kashe kowa da kowa» a babban fili: ƙarshenta mutum takwas na neman ɗan daba ɗaya da ya maƙale bayan akwati. Rakiya ma a yi ta da tunani, don wanda ake rakawa yakan ɓace a kwana ko ya tsaya in an yi masa nisa.

Rubutun kamfas yana da gurbin tilo da na jam'i. In ka bar na jam'i fanko, za a ga jerin abu huɗu iri ɗaya sun cika saman allo. Cika shi: «akwatuna da suka rage», wasan zai sa adadin a gaba.

Oga yana da guraben magana da yawa: kafin ya gan ka, lokacin da ya far maka, idan jininsa ya ragu zuwa kashi uku cikin huɗu, rabi, rubu'i, lokacin da ya faɗi, da lokacin da ya kayar da kai. Layi ɗaya-ɗaya, gajeru, don a tsakiyar faɗa ake karanta su. Wanda na fi so shi ne na kafin ya gan ka, domin a nan ake jin mugu yana hirarsa ta yau da kullum. Dorina na sa shi yana faɗa da yaronsa kan wa zai ɗauki akwatin turare. A rabi yana cewa, «Kan zannuwa za ku kashe ni?» Ana iya ɗaura kwanton ɓauna a kan raguwar jininsa ma, amma sau ɗaya ya isa.

Na shida: gwaji

Danna gwaji, mai aikenka zai bayyana a zauren kamar hoton haske, ka karɓi aiki ka shiga ta ginshiƙin hasken da ke tsakiya. A gwaji ba a samun lada, amma akwai zaɓin zama marar mutuwa ko marar ganuwa, da na tsallakawa zuwa abu na gaba. Yi amfani da su a zagayen farko don duba rubutu da jeri. Zagaye na biyu kashe su duka, ka shiga da jarumi mafi rauni da kake da shi, ba wanda ka ƙawata da kaya ba. Buga kowane zango aƙalla sau uku, don wuraren da abubuwa ke bayyana suna sauyawa.

Sannan ka samo wanda bai san labarin ba, ka zaunar da shi, ka kama bakinka. Ƙanina ne ya yi mini wannan. Ya danna gabatarwar da na yi kwana biyu ina gogewa ba tare da ya karanta ba, ya shiga, ya yi minti biyar yana zagaye, ya juyo ya ce, «Yaya, wai me ake nema a nan?» Na ji haushi, amma shi ke da gaskiya: kamfas ɗin cewa yake «Binciki rumbu» kawai. Daga nan na mayar da shi «Nemo akwatunan lefe», na kuma sa saƙon shiga ya maimaita dalilin zuwan a layi biyu.

Na bakwai: wallafawa

Gurabe uku aka saba bai wa kowane asusu na labaran da aka wallafa, amma na cikin kwamfutarka ba su da iyaka. Idan ka wallafa za a ba labarin lamba, ita za ka tura wa mutane a WhatsApp, don nema da take yana da wuya cikin dubban labarai, da yawansu ma ba labarai ba ne, filaye ne da ake kira «gonaki», da aka gina don tara maki da tikitin lada kawai. Sa masa alamar cewa kana neman ra'ayi, ka zaɓi kalmomin nema da suka dace. Masu bugawa suna ba da tauraro ɗaya zuwa biyar, suna iya barin saƙo. Labarin da ya burge masu kula da wasan suna iya ɗaga shi zuwa Dev's Choice, jerin zaɓaɓɓun labaransu.

In za ka gyara bayan wallafawa, gyara wanda ke kan saba ka sake tura shi, lambarsa da taurarinsa za su zauna. In ka janye shi gaba ɗaya, duk sun tafi, sabon da za ka sa daga sifili zai fara. Fayilolin kuma suna cikin jakar wasan a kwamfutarka: labarai a jakar Missions, mutanen da ka ƙera a Custom_Critter. Kwafe su biyun zuwa filashi ko ka tura wa kanka ta imel duk ranar da ka yi aiki mai yawa, musamman in kwamfutar ta haya ce ko ta gidan intanet inda ake share komai a ƙarshen mako.